Bashira Mai Ɗigo a Hawa na Sha Huɗu

A Malumfashi, in ka ce Bashira kawai, sai a tambaye ka wacce. In ka ce Bashira Mai Ɗigo, ko mai shayin bakin tasha zai nuna maka gidan. Shekara goma sha shida ta yi tana bin gida-gida da akwatin ƙanƙara rataye a kafaɗa, tana ɗiga wa 'ya'yan mutane maganin shan inna, tana kora masu jego asibiti ranar allura. Ita ba nas ba ce, firamare kawai ta gama. Abin da ya jefa ta aikin ƙaninta ne, Lawal, wanda ƙafafunsa suka shanye tun yana ɗan shekara uku, yau ga shi da furfura yana gyaran rediyo a bakin kasuwa, a kan keken guragu.

Ba irin wulaƙancin da ba ta sha ba. An sakar mata kare. An watsa mata ruwan wanke-wanke. Wani magidanci ya ce ta je ta kawo masa wutar lantarki tukuna, sannan ta dawo su yi maganar ɗigo. Mata kan tura jarirai ƙarƙashin gado su rantse gidan ba yaro, ita kuwa sai ta ɗaga kai ta dubi igiyar shanya. In ta ga tsummokaran jariri, ta nemi turmi ta zauna, ba ta tashi sai an fito da shi.

Abin da shekarun nan suka koya mata ɗaya ne: gwamnati ce ke neman yaro, ba yaro ke neman gwamnati ba. Ungozoma ta gaya wa mai unguwa, mai unguwa ya rubuta a littafi, littafi ya je hannun masu akwati, su zo har ƙofar ɗaki da sabulu da alewa suna lallashi. Haka ta sani, haka kuma ta ɗauka duniya take tun daga gabas har yamma.

To, autarta Mubina tana aure a Kuala Lumpur. Mijin, Muntasir, malamin jami'a ne da gwamnati ta tura karatun digiri na uku. A ƙarshen Fabrairun 2020 Mubina ta haifi namiji, aka sa masa Abdulwahidu. Bashira ta sauka farkon Maris da bizar wata ɗaya, jakarta cike da gero da kanwa da yaji, don ta yi wa 'yarta wankan jego ta koma. Har ganyen darbejiya aka samo mata a Brickfields, unguwar Indiyawa. Sati biyu da zuwanta aka rufe gari saboda korona. Jirgi ya daina tashi. Ta maƙale a hawa na sha huɗu na wani dogon bene a Wangsa Maju, ɗaki biyu da falo, ita da surukinta.

Duk wanda ya san kunyar surukai ya san wannan ba zama ba ne. Ba ta cin abinci a gabansa, ba ta kiran sunansa, shi kuma falon ne ofishinsa, yana nan daga safe har yamma gaban kwamfuta. In tana da magana da shi, sai ta bi ta kan jikan, wanda take kira Mai Gida.

"Mai Gida," ta ce da jaririn wata safiya tana tsane masa wuya, "jibi arba'in. Ka tambayi ubanka, ina ake kai ka allura a garin nan?"

Muntasir ya cire abin kunnensa ya sunkuyar da kai. "Mama, ina kan bincikawa."

A gida ana gama arba'in da kwana biyu ake zuwa allurar sati shida, wadda ke tare tarin shiƙa da mashaƙo da sauransu. Mubina ta ɗauko littafin da aka ba su a asibitin haihuwa, mai shuɗin bango, rubutun ciki da yaren Malay. Ta nuna wa uwar layin da aka cike ranar haihuwa, ta ce nan babbar allurar sai wata biyu.

"Jinin 'ya'yansu daban ne?"

"Umma, haka tsarinsu yake."

Bashira ta lissafa da yatsu, kwana goma sha takwas ne tsakani. Ta ce to, ta bar musu.

Binciken Muntasir kuwa, Allah ya sani ya yi. Ba malalaci ba ne. Ya kira kamfanin inshorar da makaranta ta tilasta musu yanka, ya sha kiɗa a waya rabin awa, wata ta ɗauka ta ce sunan yaro ba ya cikin takardarsu. Ya ce a sa shi mana. Ta ce sai yana da fasfo. Fasfo kuma sai ofishin jakadanci, ofishin jakadanci a rufe kamar kowane ofishi. Ya ce to, in an sa shi za su biya allurar? Ta ce a'a, irin tasa inshorar ba ta biyan rigakafi, sai dai in yaro ya kamu an kwantar da shi.

Da Mubina ta fassara mata, Bashira ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Sake faɗa."

"In ya kwanta ciwo za su biya. In lafiyarsa ƙalau ba za su biya ba."

"Wato su jira ya fara shiƙa, idonsa ya firfito, sannan su buɗe jaka. Mai Gida, ka ji mutanen da ubanka ke ba kuɗi duk shekara."

Ya kira asibitin kuɗin da aka yi haihuwar. Suka ce a kawo shi ko yau, suka faɗi farashi. Muntasir ya yi godiya ya kashe waya. Alawus ɗinsa na zangon bai iso ba, haihuwar ta cinye ɗan abin da ya tara.

Saura asibitin gwamnati. A nan ne fa aka shiga duhu. Muntasir ya jefa tambaya a guruf ɗin ɗaliban Najeriya na wasaf, kafin azahar amsa ta fi talatin, ba biyu da suka yi daidai. Wannan ya ce kyauta ne ga kowane yaro. Wancan ya ce kyauta ne ga ɗan ƙasa kaɗai. Wani ya ce ai wanda aka haifa a nan ɗan ƙasa ne, aka taso masa da dariya, aka ce ya je ya karanta takardar haihuwar ɗansa da kyau. Wani ya ce ba sa taɓa yaron da ba fasfo. Wani ya ce sun daina allura gaba ɗaya sai korona ta wuce. Wanda ya fi tayar da hankali shi ne wanda ya ce duk baƙon da takardunsa ba su cika ba, daga asibitin ake kiran jami'an shige da fice. Ga jariri ba fasfo, ga tsohuwa bizarta ta ƙare. An dai ji cewa an ɗaga wa waɗanda rufe gari ya rutsa da su ƙafa, amma ji aka yi, ba wanda ya ga takarda a hannunsa.

Mubina ta kira Christy, maƙwabciyarsu ta hawa na tara, 'yar Kafanchan, mai 'ya'ya biyu.

"Ni na kai nawa asibitin gwamnati lah," in ji Christy, wadda bakinta ya riga ya kama maganar garin. "Na biya na baƙi, ba yawa."

"Suna da fasfo lokacin?"

"Ke, suna da shi fa. Kuma ba a korona."

Muntasir ya kira lambar asibitin unguwar sau bakwai, waya na ta ƙara ba mai ɗauka. Masu ɗaukar suna can suna fama da annoba. Mutum mai digiri biyu yana neman na uku ya zauna ya kama kai, ya rasa ko ɗansa yana cikin waɗanda suka cancanta ko ba ya ciki.

Ita Bashira ba wannan ne ya ɗaure mata kai ba. Abin da ta kasa ganewa shi ne me ya sa ake ta kiran waya. Yaro an haife shi a unguwa. Wa ke rubuta jariran unguwar? Shi ya kamata a nema.

Ta tagar kicin ana hango ƙofar shiga benen. Kwana da kwanaki tana lura da wani mutum mai kaki, gabansa tebur da ƙaton littafi. Duk wanda zai shiga ko zai fita, sai ya auna masa goshi da abin gwada zazzaɓi, ya rubuta sunansa da lambar gidansa. Ba mai wucewa bai rubuta ba. Ta ce a ranta, ashe ga shi nan a ƙarƙashin hancinsu.

Ranar da yaro ya cika wata biyu, Mubina na wanka, Muntasir na magana da malaminsa a kwamfuta, ta goya Abdulwahidu, ta ɗaura takunkumi, ta shiga lif ta danna maɓallin ƙasa kamar yadda ta ga ana yi. Ta gaishe da mai littafin da ladabin da ake yi wa mai unguwa, har da ɗan rusunawa. Shi ɗan Nepal ne, bai ji abin da ta ce ba, amma ya miƙe. Ta sauko da yaron ta nuna masa. Ya yi murmushi, ya auna goshinta, ya auna na jaririn. Ta faɗi sunan a hankali, gaɓa-gaɓa, ta ɗaga yatsu ta nuna masa hawa da lambar ƙofa. Ya rubuta. Ta leƙa ta tabbatar biro ya kama. Ya ce, "Boleh, boleh," kalmar da ta riga ta gane tana nufin ba damuwa.

Ta hau sama da sauƙin zuciya.

"Mai Gida, gaya wa ubanka ya huta da waya. Na sa an rubuta ka."

Mubina ta fito da tawul a ka. "Wa ya rubuta shi?"

"Mai littafin ƙofa."

"Umma, mai gadi ne fa. Kowa yake rubutawa, har mai kawo abinci a babur. Don korona ne."

"Mai gadi da ma'aunin zazzaɓi? Ke dai yarinya ce. Ni na yi aikin nan. Littafi ba ya zama a tebur, akwai inda ake kai shi."

Muntasir ya buɗe baki zai yi bayani, ya tuna da wa zai yi musu, ya rufe.

Daga ranar ta shiga jira. Kowace safiya ta yi wa yaro wanka da wuri, ta sa masa wando mai sauƙin cirewa. Ta daina shanya kayansa a ciki, sai a kan ƙarfen baranda, ɓangaren da ke kallon titi, don masu akwati su ɗaga kai su gani. Hawa na sha huɗu fa. In ta ji ƙarar lif sai ta gyara mayafi. Azumi ya kama, ya raba, ya ƙare. Ba wanda ya ƙwanƙwasa sai mai kawo gas.

Ta fara shakka, amma ta rasa me za ta yi wa shakkar. Ko littafin ya ɓata? Ko su sai an cika jarirai goma a bene suke zuwa? Ko a garin nan masu ɗigon ma an rufe su a gida? Wata rana da hantsi yaron ya yi tari sau uku a jere. Ta fizge shi daga hannun uwar, ta kafa kunne a ƙirjinsa, tana jiran wannan jan numfashi mai kama da kukan zakara da ta sha ji a ƙauyukan bayan Malumfashi, a gidajen da aka ɓoye mata yara. Nono ne ya sarƙe shi. Ya yi gyatsa ya yi barci. Ita ce ba ta iya cin abincin rana ba.

Sati biyu bayan sallah aka ce an samu mai korona a hawa na shida. Da safe ta leƙa taga, sai ga farar mota a ƙofa, mutane na fitowa cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa. Ba kayan ta kalla ba. Biyu daga cikinsu na ɗauke da akwatin ƙanƙara, shuɗi mai farin murfi, da igiyar ratayawa. Ko a mafarki ta san wannan akwatin.

"Ga su nan," ta ce. "Sati shida suka yi latti, amma ga su nan."

Kafin Mubina ta gama karanta sanarwar da aka turo wa mazauna benen, uwar ta sauka da yaro da shuɗin littafi. A zauren ƙasa an jera kujeru nesa-nesa. Ta bi layi tana mamakin yadda duk manya ne, ba mai goyo sai ita. Ta ce ƙila iyayen sun zo karɓar sabulu ne. Da layi ya zo kanta, ta zauna, ta kwance goyo, ta zame wa yaro wando, ta miƙa cinyarsa. Matar da ke cikin farin kayan ta ɗaga mata haɓa a hankali, ta zura mata dogon tsinken auduga a hanci har sai da hawaye ya zubo.

Bashira ta yi atishawa, ta dubi matar, ta dubi akwatin. Tsinken aka jefa a kwalba, kwalbar aka sa a akwati. Ashe akwatin ɗauka ya zo yi, ba kawowa ba.

Ta ƙi tashi. Ta sake miƙa cinyar yaron, ta ɗora littafin a kan tebur. Na bayanta suka fara gunaguni. Nan Mubina ta iso tana haki, ta shiga ba nas ɗin haƙuri da Turanci. Nas ɗin, wata Bamaleshiya mai ɗan jiki wadda gilashinta ya yi gumi, ta buɗe littafin da safar hannunta, ta bi layukan da yatsa, ta ɗago ta fara magana da sauri.

"Me take cewa?"

"Faɗa take yi, Umma. Wai me ya sa muka zauna da shi har wata uku da rabi."

"Mu take wa faɗa? Tambaye ta, su me ya hana su zuwa?"

Mubina ba ta fassara wannan ba. Ta tambayi abin da ya hana su barci: yaro ba fasfo, ba inshora, za a yi masa? Nas ɗin ta ce ita dai ba ta taɓa ganin an mayar da jariri ba, su je da takardar haihuwa da littafin, baƙi na biya a kanta. Kyauta fa? Ba ta sani ba, ba ɓangarenta ba ne. Jami'an shige da fice fa? Ta ɗaga kafaɗa, ta ce ita allura ta iya. Ta yagi takarda ta rubuta ranar da ake ganin yara, ta kira na gaba.

A lif, sun kai hawa na takwas, Bashira ta juyo ga 'yarta.

"To wai, in ba ka je ba, ba mai zuwa nemanka?"

"'Yan ƙasa ƙila ana kiransu a waya. Ban sani ba, Umma."

"Kuma kai za ka biya su don kada ɗanka ya shafa wa nasu tari."

"Haka ta ce."

"Ni ban gane ba," in ji Bashira. Gaskiyarta ta faɗa, ba baƙar magana ba ce.

Sai da suka jira sakamakon gwajin hanci kwana huɗu, duk gidan lafiya. Ranar Talata Muntasir ya kira mota ta waya. Ya ce da matarsa ta gaya wa Mama ta zauna a gida saboda maganar biza. Bashira tana jinsa, ta riga ta sa takalmi.

"Mai Gida, gaya wa ubanka, in kama ni za su yi, su kama ni a ƙofar asibiti. Ya fi daraja."

A ƙofar asibitin aka ce mutum ɗaya ne zai shiga da yaro. Mubina ta shiga. Muntasir ya tsaya can gefen motoci, surukarsa ta tsaya nan ƙarƙashin wata bishiya, tsakaninsu tazarar da ta fi wadda hukuma ta ce. Matar da ta shekara goma sha shida tana kutsawa ɗakunan mutane ba sallama biyu, yau ita ce a waje tana leƙen taga. Mata na shiga da jarirai, Malay da Indiyawa da 'yan China, kowacce da littafinta a hannu, ba wanda ya kora su, ba wanda ya ba su ko alewa. Ta yi ta kallonsu. Duk mai kakin da ya gifta sai ta bi shi da ido, shi kuwa ko kallonta bai yi ba.

Awa biyu da wani abu. Kukan yara na fitowa ta taga iri-iri, sai ta ji wani mai kauri da ɗan shaƙewa a ƙarshe. Ta dafa bishiyar.

Mubina ta fito da yaro a kafaɗa, da rasit a hannu. Muntasir ya matso ya karɓa.

"Sun nemi fasfo?"

"Sun nema. Na ce babu. Ta kira wata, ita ma ta kira wata. Suka yi ta magana da yarensu. Ƙarshe ta ce in kawo nawa, ta rubuta lambata a gurbin tasa."

"To ya cancanta ke nan, ko alfarma suka yi?"

"Na tambaya. Ta ce in dawo bayan wata ɗaya."

"In muka dawo muka tarar da wata a kantar fa?"

"Ban sani ba."

Bashira ta karɓi rasit ɗin daga hannun 'yarta bayan mijin ya mayar mata, ta juya shi sama da ƙasa, duk da ba abin da za ta iya karantawa sai lambobi.

"Yanzu a takardar nan wa aka yi wa allura, ke ko shi?"

Ta karɓi jikan, ta zame wandon da yatsa ɗaya. Ga ɗan audugar nan manne a cinya, gefenta ya yi ja. Ta taɓa wurin da bayan hannu, yaron ya tsuke fuska zai sake sabon kuka.

"Shi ne," ta ce. Ta juya shi baya, ta ja zani ta ɗaure. "Wace rana ce wata ɗayan?"

Mubina ta faɗa. Bashira ta maimaita sau biyu, ta nufi inda motar za ta tsaya.